Ranar da Na Ƙona Allon Rukayya

Duk sallar da kuka taru a gidan nan, sai na ji wani a cikinku yana ba jikokina labarin yadda Baba ya ceci ƙwan zabin matan gari da cajar mota. Ni kuma sai in gyara zaman hulata in yi murmushi, ban taɓa cewa uffan ba. To yau na ɗauki biro, gara in gyara maganar tun ina da sauran numfashi. Gaskiya ne ni na haɗa cajar, gaskiya ne kuma ƙwai sun ƙyanƙyashe. Abin da ba a gaya muku ba shi ne wanda ya jefa su cikin hatsarin tun farko. Ban da wasu matan ruga da maganar ta tsaya a wajensu, mutum uku kaɗai suka sani: innarku, da autarmu Rukayya, da wata dattijuwa 'yar ruga, Dada Hawwa, Allah Ya jiƙanta. Su ukun sun rufa mini asiri, har rufin ya fara yi mini nauyi.

Kun san sana'ata. Shekara arba'in ina gyaran rediyo a rumfata ta kasuwar Tudun Wada, tun lokacin da a garwashi nake gasa ƙarfen da nake narka dalma da shi. Babu rediyon da ya taɓa gagara ta sai wanda mota ta taka. Mu masu wannan aiki muna da wata ɗabi'a. In aka kawo mana abin da ya mutu, ba ma tsayawa dogon awo. Sai mutum ya ɗauki jar waya da baƙa daga batir, ya ɗan taɓa, ya janye, ya ga ko zai yi motsi. Tsohon rediyo haƙuri gare shi, in ka ba shi wutar da ta fi ƙarfinsa na ɗan lokaci, sai ya yi gurnani ya yafe maka. Na yi haka sau dubu ban yi asara ba, har na ɗauka wannan shi ne iyawa.

A daminar da nake ba ku labari, Rukayya ta gama kwalejin fasaha a Kano, ta dawo gida da mataccen firji a bayan a-kori-kura. Na tambaye ta ko ƙanƙara za ta sayar a garin da babu wuta. Ta yi dariya ta ce zafi za ta yi da shi, ba sanyi ba. Ta sa masa gulob biyu na mota da 'yar fanka, ta jera katako hawa uku, ta haɗa su da batirin sola da ke ɗakin zaure. A saman firjin kuma ta kafa wani ɗan allo, bai kai tafin hannuna ba, kore, cike da ƙananan abubuwa kamar an watsa masa gero. Shi ne ƙwaƙwalwar abin. Yana jin zafin cikin firjin, in ya yi ƙasa ya kunna gulob, in ya haura ya kashe, yana kuma nuna lamba a ɗan gilashinsa. Wato kaza ta ƙera, kaza mai kwancin da ba ta tashi neman abinci.

Wanda bai yi kiwo ba ba zai gane amfanin wannan ba. Zabuwa da damina tana zuba ƙwai kamar ba gobe, amma ba ta iya kwanci, sai an nemo kaza an sa mata. Kaji masu kwanci kuwa ba su isa ba, shi ya sa rabin ƙwan yankinmu yake ƙarewa a dafe a faranti, ana tallarsa ga matafiya a Kwanar Dangora. Rukayya ta bi gida-gida tana yi wa mata bayani, suna sauraro suna cewa Allah Ya taimaka, babu wadda ta ba ta ko ƙwai ɗaya. Ni kaina a majalisa da aka tambaye ni, cewa na yi wasan 'yan boko ne, a bar ta ta gaji. Wadda ta fara yarda ita ce Dada Hawwa, mai kawo wa innarku nono daga rugarsu ta bakin Falgore tun kuna goye. Cuta ta share mata zabi a shekarar da ta wuce, uku kaɗai suka rage mata. Ta tara ƙwansu guda ashirin, ta ɗiga wa kowanne shuni don a gane nata, ta kawo a ƙwarya.

“Ga su, 'yar nan,” in ji ta. “Ba ni da wasu bayansu. Amana ce.”

Da mata suka ji Dada ta kai nata, sai suka biyo baya. Wata ta yi wa nata alama da gawayi, wata da lalle, wata da jan farce, har firjin ya cika. Don girmamawa, Rukayya ta jera na Dada a hawa na sama, kusa da gulob, inda ɗumi ya fi zama daidai.

Matsala ɗaya ce ta rage, ita ce wutar da allon kansa yake ci. Gulob da fanka daga babban batir suke sha, bolt goma sha biyu. Shi kuwa allon ɗan lallaɓa ne, bolt biyar yake so, irin na wayar hannu. Rukayya ta aika Kano a sayo mata abin da zai rage masa wutar batirin, saƙon bai iso ba takardar bautar ƙasarta ta fito, mako uku a sansani. Sai ta bar mana fawa bank biyu, irin wanda ake cajin waya da shi, ɗaya yana aiki, ɗaya yana wurin mai caji a gari, kullum ina musanyawa. Innarku kuma aka bar mata juya ƙwai da hannu. Ranar tafiya, da jaka a kafaɗarta, Rukayya ta durƙusa ta yi mini sallama, sannan ta ce:

“Baba, don Allah, kome ya faru kada a haɗa allon nan kai tsaye da batirin sola. In rana ta buɗe, batirin yana haura abin da aka rubuta a jikinsa.”

“Ke Auta,” na ce, “ni za ki koya wa wuta? Kafin a haifi malamin da ya koya miki nake wannan aiki. Je ki, Allah Ya kiyaye hanya.”

Kwana goma sha uku bayan tafiyarta komai lafiya. Ƙwan da ta bari da kwana goma suka kai kwana ashirin da uku, saura biyar su fashe. Rannan da hantsi, an kwana ana ruwa gari ya waye rana ta buɗe tarwai, na shiga zaure na tarar gilashin allon ya mutu, gulob a kashe. Na ɗaga fawa bank ɗin, ya kumbura kamar burodi. Na biyun kuma jiya da yamma na kai shi caji, zuwa da dawowa a kan hanyarmu mai taɓo ba ƙaramin lokaci ba ne, ban ma tabbata ya cika ba. Waya kuwa sai an fita bakin titi ake samun sabis, su kuma a sansani ba kowane lokaci suke ɗauka ba. Na tsaya ina kallon babban batir, ga shi nan a gabana cike da wuta, kamu biyu tsakaninsa da allon. Na san akwai wata 'yar kafa a gefen allon da take karɓar wuta har bolt goma sha biyu, domin na taɓa ganin Rukayya tana nuna wa ƙawarta. Na ce a raina ai batirin sha biyu ne, yarinyar nan tsoro ne ya yi mata yawa. Mitata ta awon wuta tana rataye a ƙusa, miƙa hannu kawai zan yi. Ban ɗauko ta ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunya ta rufe ni. Na feƙe bakin waya biyu da haƙori, na ce bari in ɗan taɓa in gani.

Gilashin ya kawo haske, na ce yawwa. Ban rufe baki ba na ji tas, ƙaramar ƙara kamar an fasa ƙwarƙwata, sai ɗan siririn hayaƙi ya tashi. Warin nan na san shi, shekara arba'in ina shaƙarsa a kayan mutane, ban taɓa jin ya shiga mini har ciki ba sai rannan. Sai a lokacin na ɗauko mita na auna batirin. Ya wuce sha huɗu.

Innalillahi. Na zauna a kan buhun masara. Da a nan na tsaya na kira innarku, da labarin ya zo da sauƙi. Amma girman kai bai gama da ni ba. Na ce kada ƙwai su huce kafin in gyara, sai na ja waya na haɗa gulob biyun da batir kai tsaye, ba mai kashewa ba mai kunnawa, na rufe firjin. Na cire allon na koma bakin ƙofa wurin haske ina jujjuya shi, ina so in gyara ɓarnata kafin kowa ya sani. Idona kuwa ya daɗe da raunana, abin da ban taɓa yarda na faɗa ba. Ina ta ƙifce-ƙifce, ina kai shi kusa ina kai shi nesa, ban san lokaci ya tafi ba, sai da innarku ta shigo juya ƙwai. Tana buɗe firjin ta ja da baya.

“Malam! Dafa su kake yi?”

Ta fizge wayar da hannunta, ita da ko rediyo ba ta yarda ta canza wa batir. Ta bar ƙofar a buɗe tana fifita da gefen mayafinta. Ta ɗauki ƙwai ɗaya daga hawan ƙasa ta ɗora a kan fatar idonta, ta mayar. Ta ɗauki na tsakiya, haka. Da ta ɗauki na sama, mai ɗigon shuni, sai ta sauke shi da sauri, ta dube ni. Ba ta yi mini faɗa ba, wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi.

“Me ya sami abin yarinyar?”

“Ni na ƙona shi.”

“To. Nuna mini inda ake haɗa wayar nan fitilun su kunna. Zafin cikin kaza dai na san shi tun ina yarinya. Ni zan zauna a nan. Kai kuma tashi ka nemo abin da za ka nemo.”

Haka ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, waya a hannu, in ta ji ƙwai ya fara sanyi a fatar idonta ta haɗa, in ya yi ɗumi ta raba. Rannan ba a ɗora tukunya a gidan nan ba sai bayan la'asar. Ni kuwa na hau mashin na nufi gari, ina tafe ina zagin kaina. A hanya ne, da na ga wata motar haya ta wuce, tunani ya zo mini. Direbobi suna cajin waya a mota, batirin mota kuwa in inji yana aiki shi ma yana haura sha huɗu, amma wayoyinsu ba sa ƙonewa. Ashe 'yar cajar nan da suke cusawa a gaban mota aikinta ke nan, ta karɓi wuta mai hawa da sauka ta fitar da biyar cif. Abin da Rukayya ta aika a sayo mata daga Kano, ga ɗan'uwansa a kowace tasha. Na shiga tashar Tudun Wada na sami ɗaya a teburin mai kayan waya, na juyo ko gaisawa da mutane ban tsaya yi ba, har washegari ana tambaya ko lafiya.

Da na dawo, wannan karon mita na fara ɗauka. Na fasa bayan cajar, na liƙa mata jar waya da baƙa, na haɗa da batir, na auna bakinta. Biyar. Na sake aunawa, biyar. Na ce bismillah na cusa wa allon ta bakinsa na caja. Shiru, ko ƙyaftawa bai yi ba, cajar ce ma ta fara zafi. Na ce shi ke nan, na kashe ƙwaƙwalwar. Amma a nan tsohuwar sana'a ta yi mini rana. A rediyo, in caja tana zafi abu bai tashi ba, to akwai wani ƙonannen abu a ciki da yake shanye wutar. Na shinshina allon lungu-lungu har hancina ya kai ni kan wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu, bai fi ƙwayar wake ba, wanda aikinsa rage wutar da ta shigo ta waccan kafar da na taɓa. In shi kaɗai ya mutu, cire shi zai wadatar, tunda yanzu ba ta wajensa wuta za ta bi ba. Sai dai ƙafafunsa ban iya ganinsu. Na hura garwashi, na gasa ƙaramin ƙarfena, na tsaya da shi a hannu. Sannan na faɗi abin da na shekara biyar ina ɓoyewa.

“Ba na gani sosai. Zo ki duba mini.”

“Ai na sani,” in ji innarku. “Tun yaushe kake karanta takarda da tsawon hannu? Kawo nan.”

Ita da take zura zare a allura ba gilashi, ta sunkuyo kanta kusa da nawa. Tana cewa matsa dama kaɗan, a'a ka wuce, dawo, to nan. Hannuna dai bai taɓa rawa a kan aiki ba, rannan ma bai ba ni kunya ba. Ƙafa ɗaya, biyu, uku, sai abin ya faɗo a kan tabarma. Na bari ya huce, na sake cusa cajar. Gilashin ya yi haske, lamba ta fito. Na mayar da wayoyin gulob inda Rukayya ta sa su, muka zuba ido. Can sai muka ji ƙyas, gulob ya kama da kansa. Bayan ɗan lokaci ƙyas, ya mutu da kansa. Kai, jama'a! Innarku ta ce alhamdulillahi ta fi sau goma, ta miƙe tana dafa ƙugu, ta ce ita da wannan kujera sun rabu har abada.

Kwana biyar ɗin da suka biyo baya, na fi kaza zama a kan ƙwan nan. Ranar ta biyar da safe ina alwala na ji innarku tana kira, na zo da ƙafa ɗaya a jiƙe. Daga cikin firjin ake jin tsiyau-tsiyau. Kafin azahar hawan ƙasa da na tsakiya sun cika da 'yan zabi masu zane a ka, suna tattaka juna. Mata suka cika gidan da kwanduna da guɗa, kowa tana neman ɓawon da ke da alamarta. A nan aka fara cewa Malam ya ceci ƙwai da cajar mota, ni kuma na karɓi yabon ban musa ba. Hawa na sama ne bai yi motsi ba. Cikin ashirin na Dada Hawwa, uku ne suka fito, na can gefe nesa da gulob. Sauran muka ƙara musu kwana biyu, suka tabbata baragurbi.

Dada ba ta zo ba, surukarta ta aiko. Matar ta karɓi ukun a ƙwarya ta juya, amma kafin ta fita daga gari magana ta bazu cewa injin Rukayya yana zaɓe, ya dafa na Dada. Matan da suka ce za su kawo zubi na biyu suka fara cewa sai sun yi shawara. Da yamma innarku ta ajiye mini tuwo, ta zauna nesa kaɗan.

“Malam, yarinyar nan jibi za ta dawo. Sunanta ake kira a bakin rijiya, ba naka ba.”

Ban iya cin tuwon ba. Washegari na hau mashin na nufi Falgore. A bakin titi inda ake samun sabis na tsaya na kira Rukayya, Allah Ya sa ta ɗauka. Ina fara ba ta labari ta katse ni, tana cewa laifinta ne, da ta jira saƙon Kano ya iso kafin ta karɓi ƙwan mutane. Na ce mata a'a, ta saurara, na faɗa mata komai yadda ya faru. Sai ta ce:

“Baba, ka auna kafin ka haɗa?”

“Ban auna ba.”

“Kai da ka hana ni taɓa ko tocila sai na auna.” Sai na ji tana dariya, dariyar da ke haɗe da kuka. “Amma ka cire shi da ƙarfen garwashi allon bai mutu ba? Baba, ko a makarantarmu ban ga mai iya wannan ba.”

Na shiga daji ta hanyar shanu, ciyawa har gwiwa. Na sami Dada Hawwa a gindin bukkarta tana gyaran ƙwarya, ga 'yan zabin uku a cikin kwando kusa da ita. Na cire takalmi na durƙusa, muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na tambayi shanu da damina. Sannan na ce mata na zo ne da magana. Na ce injin bai yi laifi ba, yarinyar ma ba ta yi ba, ta gargaɗe ni da bakinta na ƙi ji. Na ce ni na saki wuta a kan ƙwanta don in ɓoye kuskurena, ni dattijo da furfurata. Matan rugar suna tsaye suna ji, ban rage murya ba, domin su ma nake so su ji.

Dada ta ajiye ƙwaryar da take gyara. Ta ce tun jiya take jin haushin yarinyar, ashe haushin ya ɓata hanya. Ta ce abin da Allah bai rubuta zai rayu ba ba zai rayu ba, amma tafiyar da na yi har nan ta ji daɗinta. Sai ta miƙe da ƙyar ta shiga bukka. Na ɗauka nono za ta ɗebo mini irin na baƙo. Ta fito da 'yar ƙwarya cike da ƙaiƙayi, ta ajiye a gabana. Ƙwai tara ne a ciki, waɗanda zabinta suka zuba a 'yan kwanakin nan, kowanne da ɗigon shuninsa.

“Ka kai wa 'yar nan,” in ji ta. “Ka ce in ta dawo ta jera su da hannunta, a inda ta sa na farko.”

Na yi mata godiya. Na ɗaure ƙwaryar da rawanina, na rungume ta da hannu ɗaya. Da na zo wurin mashin na dubi hanyar, na dubi ƙwan, sai na fasa hawa. A ƙasa na turo shi da hannu guda tun daga bakin Falgore har ƙofar gidan nan, ban iso ba sai da aka kira la'asar, kuma ko ɗaya bai fashe ba.